Tsoron maciji da gizo-gizo ya hana yarinya sakewa a gida, ta ina za a fara?

Maman Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san kan abin. 'Yata mai shekara 7 ta kai wata takwas tana fama da tsoron maciji da gizo-gizo. Ba ta shiga banɗaki sai da rakiya, ba ta kwanciya sai an haska mata ƙarƙashin gado sau biyu ko uku, kuma ko igiya ta gani yashe a ƙasa sai ta ƙwalla ƙara. Ƙaninta mai shekara 3 ya fara kwaikwayonta. Ni kaina ina tsoron gizo-gizo, kuma ban iya ɓoyewa ba. Mahaifinsu wani lokaci ya ce a ƙyale ta za ta daina da kanta, wani lokaci kuma ya ce a nuna mata abin da ƙarfi har ta saba. Bayan gidan akwai fili mai ciyawa, saboda haka ba zan iya ce mata babu maciji ba. Tambayoyina uku ne. Yaya zan rage mata tsoron ba tare da ta raina maciji ba? Me ya kamata a gyara a gidan? In kuma tsautsayi ya gitta maciji ya sari wani, mene ne daidai a mintunan farko?

Malama Mai Tarbiyya ta amsa:

Wa'alaikumus salam Maman Biyu. Allah ya yaye mata. Zan ɗauki tambayar farko, sauran in bar wa masu su.

Ki fara raba abu biyu a ranki: taka tsantsan da tsoro. Yaron da ya san abin da zai yi in ya ga maciji ya fi tsira a kan wanda ya firgita, domin firgitaccen yaro shi ne mai gudu ba ya kallon inda yake sa ƙafa. Don haka rage mata tsoro ba zai sa ta raina maciji ba, muddin an ba ta ƙa'ida a madadinsa.

Masana sun daɗe suna bin wannan lamari. A 2017 Stefanie Hoehl da abokan aikinta sun nuna wa jarirai 'yan wata shida hotuna, suka ga baƙin idonsu ya fi buɗewa in hoton maciji ne ko gizo-gizo a kan in na kifi ne ko fure. Ke nan ido yana saurin kama su tun yaro bai san sunansu ba. Amma tsoron kansa yawanci koyonsa ake yi. Birai da Susan Mineka ta yi nazari a kansu a Amurka cikin shekarun 1980, waɗanda aka haifa a tsare, ba sa gudun maciji. Da suka kalli manyan birai 'yan daji suna firgita da shi, nan da nan suka ɗauka, kuma bayan wata uku tsoron yana nan. Da aka shirya bidiyo ya nuna kamar fure birin yake tsoro, ba su ɗauka ba. A 2002 kuma, a Ostireliya, Gerull da Rapee sun gwada yara 'yan wata 15 zuwa 20 da maciji da gizo-gizo na roba: waɗanda suka ga tsoro ko ƙyama a fuskar uwarsu sun ƙi matsawa kusa da abin.

Na kawo wannan ne saboda ƙaramin. Shi har yanzu kallon fuskoki yake yi yana yanke hukunci. Ba a ce ki daina jin tsoro yau ba, abin da ake so shi ne ki sarrafa daƙiƙa biyar na farko: ki rufe baki, ki ja numfashi, ki faɗi abin da kika gani da muryar da kike kiran su cin abinci. "Ga gizo-gizo can a bango, bari in ɗauko kofi." In ba za ki iya ba tukuna, ki kira wani babba cikin natsuwa ya yi, ke ki tsaya a wurin.

Shawarwarin Baban yara biyu duka suna da matsala, kuma ya kamata a gaya masa dalili cikin girmamawa. Ƙyalewa tana aiki ga tsoro mai wucewa. Amma wanda ya haura wata shida, ya taɓa barci da shiga banɗaki, ya kai matsayin da likitocin ƙwaƙwalwa suke ɗaukarsa lalura mai buƙatar kulawa, kuma shekara bakwai ɗin nan kusan ita ce shekarar da tsoron dabbobi ya fi somawa. Duk ranar da aka raka ta ko aka haska mata gado sau uku, hankalinta yana kwanciya na ɗan lokaci, sai ƙwaƙwalwarta ta rubuta cewa rakiyar ce ta cece ta. Haka tsoron yake samun abinci. Nuna mata da ƙarfi kuwa ya fi muni: za ta tsere a daidai lokacin da tsoron ya kai ƙololuwa, abin da za ta riƙe shi ne wannan ƙololuwar, ga kuma amanar da ke tsakaninta da ku ta tsage.

Abin da yake aiki shi ne tunkarar abin daki-daki, da yardarta. Ku zauna da rana ku yi tsani, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, ita take ba kowane mataki maki daga 0 zuwa 10. Na gizo-gizo zai iya zama haka: ta zana shi da hannunta ta ƙirga masa ƙafafu takwas, ta kalli hoto, ta kalli bidiyo babu sauti, sannan da sauti, a ajiye na roba a kan tebur har ta taɓa shi, ta share tsohuwar yana da doguwar tsintsiya, ta kalli ƙarami mai rai cikin rufaffiyar kwalba daga nisan mita uku, sai mita ɗaya, sai ta riƙe kwalbar, ta kalli babba yana kifa masa kofi ya fitar da shi, a ƙarshe ita ta yi. Kowane zama minti 15 zuwa 20, sau huɗu ko biyar a mako. Ba a tashi daga zama sai makin ya sauka aƙalla rabi, misali daga 6 zuwa 3, kuma ba a hawa mataki na gaba sai wanda ake kai ya zama abin gundura.

Wannan jiran shi ne gaba ɗaya maganin. Za ki ga ta ƙanƙame hannunki, numfashinta ya yi sama, ta kau da kai. Kada ki cika ta da "ba komai, ba zai taɓa ki ba". Ki tambaye ta abin da take zaton zai faru. Za ta ce zai yi tsalle ya hau fuskarta. Ki ce to mu zuba ido mu gani. Bayan minti biyar gizo-gizon yana nan maƙale a gindin kwalba, kafaɗunta sun sauka, ita da kanta ta ga zatonta bai tabbata ba. Abin da ido ya gani ya fi zama a kan abin da aka faɗa mata.

Tsanin maciji daban ne ta wuri ɗaya: yana ƙarewa a bayan gilashi. Igiya da tiyo, zane, hoto, bidiyo, na roba, sai kallon mai rai a gidan namun daji. Babu matakin taɓa maciji mai rai a gida, ko wane ne ya kawo shi, ko an ce an cire masa haƙori, domin haƙorin dafi yana sake fitowa.

Rakiyar banɗaki ita ma a janye ta da tsani: yau ki tsaya a bakin ƙofa, bayan kwana uku taku biyar daga ƙofa, daga nan inda za ta ji muryarki kawai. Abubuwan da suke ɓata aikin su ne tsallake mataki don an ga ta yi ƙoƙari, barin mako biyu ba a yi ba, da tsokana daga 'yan'uwa. Jefa wa yaro macijin roba don a yi dariya yana iya rushe aikin wata guda, ki hana wannan da gaske. In kun yi mako shida zuwa takwas babu motsi, ko tana farkawa da mugun mafarki kullum, ku nemi masanin halayyar yara. Akwai hanyar da Lars-Göran Öst na Suwidin ya tsara, zama ɗaya mai tsawon kusan awa uku tare da ƙwararre, kuma tana ba da sakamako mai kyau a irin wannan tsoro, har ga manya. Ke ma za ta yi miki amfani.

Mai Aikin Lambu ya amsa:

Hajiya, sannu da ƙoƙari. Maciji ba mutum yake nema a gida ba. Abu uku ne suke kawo shi: abinci, maɓoya, da ƙofar shiga. In aka rufe ukun nan, zuwansa zai yi wuya ƙwarai.

Abincinsa ɓera ne da kwaɗi da ƙadangaru da ƙwai da 'yan tsaki. Gidan da ɓera ya yi yawa ya riga ya aika wa maciji goron gayyata. Hatsi da abincin kaji su koma cikin durom ko bokiti mai murfi, a share abin da ya zube kafin dare, shara ta kasance a rufe. Famfon da ke ɗiga da ruwan da ke kwanciya a gindin bango suna tara kwaɗi, a gyara su. Akurkin kaji ya yi nesa da ɗakin kwana.

Maɓoya kuwa ita ce duk inda yake da duhu kuma ba a motsa shi: tarin itace, tarin bulo, tsohon kwanon rufi da aka kwantar a ƙasa, tsofaffin tayoyi, buhuna a lungu. Kwanon rufi ya fi kowanne, domin ƙarƙashinsa yana riƙe ɗumi da dare. Itace a ɗora shi kan abin da zai ɗaga shi kamar santimita 30 daga ƙasa, kada ya jingina da bangon ɗaki. Ciyawar bayan gida a sare ta ƙasa-ƙasa, a bar fili fayau mai faɗin mita ɗaya zuwa biyu kewaye da katanga, domin maciji ba ya son ratsa sarari inda shaho zai hango shi. Rassan da suka taɓa rufi ko taga a datse. Ranar da za a kwashe tarin nan, babba ne zai yi, da rana, da takalmi rufaffe, ya fara ɗaga kowane abu da doguwar sanda ta yadda buɗewar za ta fuskanci nesa da shi. Yara su kasance a ciki.

Ƙofar shiga ita aka fi raina wa. Ƙaramin maciji yana bi ta tsagar da fensir zai shiga, kamar milimita 6. Ga yadda ake nemo su: da dare a kunna fitilun cikin ɗaki, mutum ya zaga ta waje da takalmi da tocila, duk inda haske ya ɓullo a ƙasan ƙofa ko jikin bango a yi masa alama da alli. Washegari a toshe tsagar bango da siminti, a buga roba mai kauri a ƙasan ƙofa har ta taɓa daɓe, a sa ragar ƙarfe mai ƙananan idanu a bakin rariya da bututun da ruwan wanka ke fita. Raga ta ƙarfe nake nufi, domin ɓera yana cinye ta roba cikin kwanaki. Inda bututu ya ratsa bango yawanci akan bar rami kewaye da shi, a duba nan ma.

Wurin kwana: gado mai ƙafa ya fi shimfiɗa a ƙasa, a ja shi kaɗan daga bango, a sa gidan sauro a cusa gefunansa ƙarƙashin katifa. Wannan yana tare sauro da kunama da gizo-gizo da maciji gaba ɗaya. Fita da dare kuma sai da tocila da takalmi, musamman bayan ruwan sama.

In an ga maciji a cikin gida, a fitar da yara da dabbobi, a tsaya nesa da shi aƙalla mita biyu, uku in irin mai fasa kai ne, domin kumurci yana feso dafi ya nufi ido. A bar masa hanyar fita a buɗe. In ɗaki ya shiga, a rufe ƙofar a toshe ƙasanta da tsumma, a kira wanda aikinsa ke nan. Saran da yawa yana faruwa ne wurin ƙoƙarin kashewa ko kamawa. Kada kuma a dogara da cewa zai gudu in ya ji motsi: yawanci suna gudu, amma kasa lafewa take yi ta saje da ƙasa har a taka ta.

Shawara ɗaya da ta haɗu da maganar Malama: a ba yarinyar aiki a gyaran nan. Ita ta riƙe alli da rana, ita ta ƙirga ramukan da aka toshe.

Maman Biyu ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, ana cewa a zuba kafur ko baƙin mai ko kananzir a gindin katanga, wai warin yana korar su. Gaskiya ne? Sannan Malama ta ce a rage haska gado, Malam kuma ya ce kada a rabu da tocila. Wanne zan bi?

Mai Aikin Lambu ya amsa:

Kada ki ɓata kuɗinki. Maciji yana ratsa kafur da farar wuta da baƙin mai ya wuce abinsa in akwai ɓera a gaba. Abin da za ki samu kawai shi ne ƙasa mai guba, haɗarin gobara, da ƙwayoyin kafur farare masu kama da alewa a inda ɗan shekara 3 yake wasa. Siminti da raga da tsintsiya su ne maganin.

Ma'aikaciyar Jinya ta amsa:

Maman Biyu, na goyi bayan maganar kafur. Yaron da ya haɗiye shi yana iya samun fashewar jajayen ƙwayoyin jini, abin ya fi tsanani ga masu ƙarancin G6PD, wani sinadari da ke kare waɗannan ƙwayoyin. A kau da shi daga inda yara suke.

Kan sara kuwa, ga lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya: kimanin mutum miliyan 5.4 maciji ke sara duk shekara, dafi yana shiga jikin miliyan 1.8 zuwa 2.7, masu mutuwa tsakanin dubu 81 da dubu 138. A 2017 ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Ki lura da tazarar lambobin: rabin sara ko fiye babu dafi a ciki, ko don macijin ba mai dafi ba ne, ko don bai zuba ba. Wannan ne ya sa magungunan da ba sa komai suka yi suna, domin wanda dama zai warke ya warke a hannunsu. Matsalar ita ce a gida ba a iya gane wanne ne wanne. Saboda haka kowane sara asibiti ake kai shi, nan take.

A mintunan farko a janye mutumin daga wurin macijin. A zaunar da shi ko a kwantar, a yi masa magana a hankali, domin gudu da firgita suna hanzarta yawon dafi a jiki. A cire zobe da awarwaro da agogo da takalmi kafin kumburi ya fara. A sa wa hannun ko ƙafar sanda ko katako kamar karan ɗori, a naɗe da ƙyalle yadda gaɓar ba za ta lanƙwasa ba, amma sakwa-sakwa, yatsa ya iya shiga ƙarƙashin ɗaurin. A ɗauke shi, kada ya taka da ƙafarsa in da hali. A duba agogo a riƙe lokacin saran. Da biro a zana layi a iyakar kumburin a rubuta lokaci a gefe, a sake bayan kowane minti 30. Wannan layin yana gaya wa likita saurin da abin yake yi. In yana amai ko ya fara gyangyaɗi, a kwantar da shi ta gefen hagu don kada aman ya shaƙe shi.

Abubuwan da ba a yi, da dalilinsu. Ba a tamke gaɓa da igiya ko roba: yana kashe naman da jini bai kai masa ba, kuma mutane da dama sun rasa ƙafa ta dalilin ɗaurin, ba dafin ba. In an riga an tamke ya daɗe, a gaya wa ma'aikatan asibiti su kwance da kansu. Ba a tsaga wurin da reza: dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, tsagar sai ta zama ƙofar zubar jini da ba ta tsayawa. Ba a tsotsa da baki. Baƙin dutse ba ya zuƙo dafi, lokaci kawai yake ci. Ba a sa ƙanƙara, ba a ba da giya, ba a ɗura wa mutum jiƙo. Don zafi farasitamol kawai; asfirin da ibuprofen da diclofenac suna ƙara zubar jini kuma suna wahalar da ƙoda. Kada kowa ya bi macijin don a tafi da shi asibiti. In hoto zai ɗauku daga nesa, to, in ba haka ba a bar shi. Wanda aka kashe ma ba a taɓa kansa da hannu, domin kan da aka yanke yana iya sara bayan wani lokaci.

Alamomin da ke cewa a ƙara sauri: jini daga dasashi ko hanci ko tsohon rauni, fitsari ja ko baƙi, kumburi mai hawa, fatar ido tana saukowa kamar mai jin barci, gani biyu-biyu, miyau yana dalala, haɗiya ko numfashi yana wuya. Rashin su a awa ta farko ba shaidar lafiya ba ce. Dafin kububuwa yana iya yin shiru na awoyi kafin jini ya ɓalle, shi ya sa ake riƙe mutum a duba shi har awa 24. A asibiti akwai gwaji mai sauƙi: a ɗebi jini kamar mililita 2 a zuba a sabuwar kwalbar gilashi busasshiya, a bar ta minti 20, in bai daskare ba, dafi ya shiga kuma ana buƙatar allurar kashe dafi. Ita kaɗai ce maganin dafi, kuma a asibiti ake yin ta saboda jikin wasu yana ƙin ta farat ɗaya. Yaro yana karɓar adadin da babba yake karɓa, domin yawan dafin ake bi, ba girman jiki ba, kuma ƙaramin jiki ya fi saurin galabaita.

In feshi ne a ido, a wanke da ruwa mai tsabta mai yawa, ido a buɗe, minti 15 zuwa 20, kada a murza, sannan asibiti.

Aikin da zan roƙe ki ki yi cikin makon nan: ki bincika wane asibiti ne mafi kusa da yake ajiye allurar, domin ba kowanne ke da ita ba. Ki rubuta sunansa da lambar mai motar da za a kira ko da tsakar dare, ki manna a bayan ƙofa.

Mai Nazarin Ƙwari ya amsa:

'Yar'uwa, ina so a raba wa yarinyar gizo-gizo da maciji, domin haɗarinsu ba ɗaya ba ne ko kusa. An san nau'in gizo-gizo sama da dubu 50. Kusan duka suna da dafin kama ƙwari, amma waɗanda ke iya kwantar da mutum 'yan kaɗan ne: dangin baƙar nan mai sheƙi da jan tambari a ciki, dangin mai launin ƙasa da cizonsa kan zama gyambo, mai yawo na Birazil, da mai ramin mazurari na Ostireliya, wanda tun da aka samar da maganin dafinsa a 1981 ba a sake rubuta mutuwa ta dalilinsa ba. Na cikin ɗaki mai dogayen ƙafafu sirara da ke rataye a kusurwa, sauro da ƙuda yake ci. Lissafin Nyffeler da Birkhofer na 2017 ya nuna gizo-gizon duniya suna cinye tan miliyan 400 zuwa 800 na ƙwari da makamantansu a shekara.

Ba ya bin mutum. Yana cizo ne in an matse shi da fata, cikin takalmi ko rigar da ta kwana a ƙasa ko safar hannu da aka daɗe ba a sa ba. Kakkaɓe su kafin sawa ya wadatar. Maganar cewa mutum yana haɗiye su cikin barci ba ta da tushe. Yawancin ƙurajen da ake tashi da su a ce tautau ne, in aka duba sai a tarar maruru ne, ko cizon kuɗin cizo, ko ƙunar wani ɗan ƙwaro siriri mai ja da baƙi da ke sakin ruwa mai ƙona fata in an murje shi. Wannan yana da muhimmanci, domin kumburi mai zafi da ruwa a ciki wanda ke faɗaɗa maganin ƙwayoyin cuta yake buƙata. In an ga cizon da ido, a wanke da sabulu, a ɗora tsumma mai sanyi minti 10. A tafi asibiti in akwai murɗawar ciki ko tsoka, gumi mai yawa, wahalar numfashi, ko tsakiyar wurin ya fara baƙi.

Fitar da shi: kofin gilashi mai faɗin baki da kwali mai ɗan tauri. A kifa kofin a hankali daga sama, a zura kwalin ƙarƙashi kaɗan-kaɗan don ƙafafunsa su hau, a danne da tafin hannu, a kai waje a kwantar da kofin a ja da baya. Takarda mai laushi tana lanƙwashewa ya faɗo, daga nan ake samun ihu. Rage su kuwa, a share yana sau ɗaya a mako har bayan kabad, a cire farin ƙunshin ƙwan da ke manne a kusurwa, domin ɗaya yana iya ƙyanƙyashe ɗaruruwa. Fitilar waje a matsar da ita daga bakin ƙofa, ita ke tara ƙwarin da suke ci. Feshin maganin ƙwari wanda ya samu kai tsaye kawai yake kashewa, ƙwan yana nan, yara kuma su kwana suna shaƙa.

Malama Mai Tarbiyya ta ƙara:

Kan tambayarki ta tocila, babu saɓani tsakanina da Malam. Tocila a waje da dare ƙa'ida ce ta kowa a gidan, har Baba, ko an ji tsoro ko ba a ji ba. Haska gado sau uku kuwa tsoro ne yake ba da umarni. Ki mayar da shi sau ɗaya, ita ta riƙe tocilar, ta duba, ta cusa gidan sauro, shi ke nan. In ta ce a sake, ki ce mun duba, kuma ki zauna kusa da ita har makin ya sauka. Daren farko da na biyu za su yi wuya, wataƙila da kuka, daga na huɗu ko na biyar yawanci abin yana sassautawa.

Ƙa'idar maciji kuma a koya musu su biyun da kalmomi kaɗan: tsaya cak, ja da baya a hankali taku biyar, kira babba. Ba taɓawa, ba jifa, ko matacce ne, ko saɓarsa ce kawai. Ku gwada da igiya da rana, bayan ta wuce matakin igiya a tsaninta, kuma ta san za a ajiye ta, kada a yi mata bazata. Ke ki fara yi suna kallo, sai Baba, sai ita, sannan ki ce ta koya wa ƙaninta. Sau biyu a mako na wata ɗaya, daga baya sau ɗaya a wata, da kuma duk lokacin da ruwan sama ya dawo ciyawa ta fara tsawo.